Sunan Inna a Gurbin Uwa

Konni, ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Tanti Zalika da yara, kuma aikin rijiyoyin naku na Damagaram yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, gero ya rufe ƙasa tun daga nan har Tsarnawa. Gwiwar Inna Tabawa ce dai ba ta shiri da damina, amma ba ta fasa zuwa kasuwa da kayan miyarta ba.

Na rubuta wannan a takarda ne na ɗauki hotonta da wayar ƙawata Wasila. Ka san wayar gidanmu ta Inna ce, kuma duk muryar da ta shigo sai ta kunna ta a tsakar gida maƙwabta su taya ta saurare. Wannan maganar ba ta tsakar gida ba ce.

Kawu, na tura dosiyena, wato takardun neman gurbin karatu, makarantar injiniyoyin nan ta Maroko da ka ce in gwada, wadda ba ta ɗaukar 'yan Nijar sai ɗan kaɗan a shekara. Na zauna a siber, shagon intanet, na duba komai har mai wurin ya fara yi mini kallon in tashi. Makin bak, jarrabawar gama sakandare, daidai, hoto daidai, wasiƙar malamin lissafi daidai. Na danna, ya tafi. Sai da na dawo gida ina mayar da takardu cikin leda idona ya faɗa kan takardar haihuwata.

A gurbin sunan uwa na rubuta Tabawa Labo. Takardar haihuwar da na haɗa musu kuwa Bara'atu Alhasan ta ce.

Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne kawai ya rubuta. Tun da aka yaye ni Baba ya kawo ni wurin yayarsa Inna Tabawa, ita na buɗi ido na gani. Ita ta kai ni lakwal karatun boko, ita ke zuwa in an kira iyaye. Wadda ta haife ni kuwa, kai na ji kana ce mata Yaya ni ma na ɗauka, har yau Yaya ta Illela nake ce mata.

A ƙasan shafin sun rubuta da jan rubutu cewa duk wanda ya ba da bayanin ƙarya za a soke dosiyensa. Mutanen da ke da dubban dosiye a gabansu ai dalilin zubarwa suke nema, ni kuma na miƙa musu da hannuna. Abinci ba ya shiga mini. Ina tunanin in janye tun ba su sa mini sunan maƙaryaciya ba, in sake nema baɗi. Me ka gani?

'Yarka,
Basira

Damagaram, ranar Laraba

Madam Injiniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Tantinki tana gaishe ki, yara kuma sun ce a tambaye ki ko a Maroko akwai rake. A gaishe da Yaya Tabawa da jiki, ki ce ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi ta rage tsayuwa.

Na karanta wasiƙarki a buro, wato ofishinmu, na yi dariya har abokin aikina ya leƙo. Da na ga kin fara da cewa maganar ba ta tsakar gida ba ce, na ɗauka makin lissafinki kika juya. Ashe suna ne.

Ki saurare ni, don na yi karatu a ƙasar nan, na kuma ga yadda ake tace dosiye. Mutum ne zaune da kofin shayi da tarin takardu. Abin da ya fara dubawa lissafi da kimiyya, sannan abin da malamai suka faɗa a kanki. A nan kin fi ƙarfin a ture ki, ni na ga makinki. Jan rubutun da ya tsorata ki an yi shi ne don masu sayen sakamakon da ba nasu ba da masu rage shekaru. Ba wanda ya taɓa samun gurbi don ya canza sunan uwarsa, saboda haka ba wanda zai ce kin yi don ki ci riba. A shekararmu akwai wani ɗan Dosso da ya manta bai sa hannu a nasa ba gaba ɗaya, aka kira shi ya sa, yau gadoji yake ginawa.

Maganar janyewa kuma kada in sake jin ta. Shekara guda ba abin wasa ba ce, kuma baɗi ma da wannan hannun naki za ki cike.

Abin yi kaɗan ne. Ki koma siber ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai layi biyu: a goge sunan Tabawa, a sa na uwarki ta gaskiya kamar yadda yake a takardar haihuwa. Ki yi kafin su rufe karɓar gyara a ƙarshen wata. Shi ke nan, ki je ki ci tuwo.

Gobe za mu fita daji wajen wata rijiya da ta ƙi ba da ruwa, ban san ko akwai rezon waya a can ba.

Kawunki,
Yahuza

Konni, ranar Juma'a

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kun isa dajin lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma gidan ba lafiya.

Wasiƙarka ta zo a wayar Wasila, ta kawo mini jiya da rana. Hannuna da man gyaɗa, sai na ce ta karanta mini a zaure a hankali. Wasila ba ta san a hankali ba. Ba mu kuma san Inna ta dawo da wuri saboda gwiwar ba, tana kwance bayan labule. Muna cikin dariyar ɗan Dosso, Wasila ta kai layin nan naka, sai muka ji muryar Inna.

"Ke Wasila, koma baya. Mi yac ce a goge?"

Wasila ta fara kame-kame. Inna ta ce ta karanta kamar yadda yake, ta karanta. Na jira faɗa, Kawu, da ma faɗan ta yi. Sai ta fito tana ɗingishi ta zauna a kan turmi ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na gama ta ce, "Gaskiya Yahuza yah hwaɗi, ni ban haihe ki ba. To tunda sunana ad da lahani, ba a takarda kaɗai za a goge shi ba. Im masu bincike sunka zo sunka iske ki ɗakina, ai sai su ce ƙaryar ta tabbata."

Na ce ba wanda zai taso daga Maroko ya zo duba inda nake kwana. Ta ce haka aka ce lokacin masu ƙidaya, kuma sun zo, har ɗaki sun leƙa sun tambayi wa ke kwana a ina. Ta ce in haɗa kayana, ranar kasuwar Illela za ta kai ni da kanta.

Tun jiya take wanke mini tufafi, har waɗanda suke wankakku. Ba ta yarda mu haɗa ido. Ka kira ta don Allah, kai kaɗai za ta yarda da shi a maganar boko.

Basira

Illela, ranar Asabar

Kawu Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Sati ya wuce, na biyu ma ya kusa, ban ji daga gare ka ba. Da farko na ce rezo ne. Yanzu na fara tunanin ko ka ga na cika yarinta ne ka bar ni in gane da kaina. In haka ne, ban gane ba.

Ina Illela. Inna ta kawo ni kamar yadda ta ce, ta sauke akwatina a ƙofar ɗakin Yaya, ta sha ruwa, ta ce, "Ga ajiyarku nan na maido." Ko la'asar ba ta jira ba ta koma tasha. Baba yana hanya da motar siminti daga Malbaza, ya ce a waya maganar mata ce, in ya dawo zai ji.

Kowa a gidan nan lafiya. Ƙannena suna ta murna, sun ba ni gefen katifa mai kyau, kullum sai na yi musu lissafi. Yaya kuwa ka san halinta da ni. Ni ce 'yar fari, kunya ba ta barin ta ta kama sunana ko ta dube ni sosai. In ta gama tuwo sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce ma baƙuwarku ga abinci nan." In na gaishe ta ta amsa tana kallon tukunya. Na san ba ƙi ba ne, don naman da ke cikin kwanona ya fi na kowa. Amma ina zaune a gidan da aka haife ni kamar wadda mota ta lalace mata a hanya.

Ga abin da ban gaya maka ba: ban tura gyaran ba. Na je siber ɗin nan na bakin kasuwa sau biyu. Na rubuta a goge sunan Tabawa Labo, sai na tuna ta a kan turmin nan, hannuna ya ƙi dannawa. Matar da ta sayar da akuyarta ta saya mini littattafan lise, wato sakandare, ita zan rubuta wa baƙi in ce kuskure ce? Ina son makarantar nan, Kawu, ina son ta fiye da yadda nake nunawa. Har mafarkin ajin nake yi. Amma in sai na ce Inna ba uwata ba ce za a ɗauke ni, ban san yadda zan yi ba.

Ƙarshen wata ya matso. In na bar shi haka, ga jan rubutu. In na gyara, ga Inna. Ka yi magana.

Basira

Damagaram, ranar Talata

Basira 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai ƙaiƙayin sauro. Rijiyar nan ta riƙe mu a wani ƙauye da ko a kan bishiya ba a samun rezo. Jiya muka shigo gari, wasiƙunki biyu suka faɗo tare. Ban yi fushi ba, ban kuma bar ki ki gane da kanki ba. Ki daina karanta shiruna, ba komai a cikinsa sai laka.

Layin nan nawa bai yi kyau ba. Da harshen buro na rubuta shi, ina sauri, kuma bai kamata a ce wa macen da ta yi miki abin da Yaya Tabawa ta yi wai akwai wata uwa ta gaskiya ba. Na kira ta da safe. Ta wanke ni tas, tun daga ranar da na zo Konni da gajeren wando ta ba ni fura har zuwa yau. Na ce na ji, na ba da haƙuri. Da na zo kan cewa ba mai zuwa bincike, ta ce ni yaro ne, ta kashe wayar. To, a nan ban ci nasara ba tukuna.

Amma maganata ta farko tana nan, ban janye ko kalma ɗaya ba game da makarantar. Dosiyenki mai ƙarfi ne, kuma wannan abin ba zai kayar da shi ba. Ke da Innarki kun ɗauki mutanen can kamar alƙalai masu neman mai laifi. Ma'aikata ne kawai, so suke takarda ta dace da takarda su tashi su tafi gida.

Kuma ba wanda ya ce sai kin ce Tabawa ba uwarki ba ce. Ki koma shafin ki duba ƙasa da gurbin iyaye, akwai gurbin mai riƙo. Su ma a ƙasarsu ana riƙon 'ya'yan dangi, ba mu muka fara ba. Ki rubuta musu abin da ya faru yadda yake: wannan ta haife ni, wannan ta raine ni, na sa sunan ta biyu a wurin ta farko, a gyara. Ba ƙarya a ciki, ba kuma wadda aka goge. Kada ki yi dogon ban-haƙuri, kada ki rantse musu, ba sa son doguwar wasiƙa.

Na kira Yaya Bara'atu ma na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, ta ce, "Na ji," sannan ta tambaye ni ko ƙaramin namu ya fara haƙori. Kin san ta, a kanki ba za ta ce komai ba. Kada ki jira ta, ki je siber gobe.

Ki ci naman da ake sa miki.

Kawunki,
Yahuza

Konni, ranar Asabar

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan sauron ya sake ka. Ka ga daga inda nake rubutu.

Ka ce Yaya ba za ta ce komai ba. Ashe ba ka gama sanin yayarka ba. Washegarin kiranka da sassafe na ga ta sa mayafinta na unguwa, ta ce wa ƙannena, "Ku ce ma waccan ta ɗauko akwatinta." Muka shiga mota. Tun daga Illela har Konni taga take kallo, sai gyaɗa da ta saya ta ajiye a cinyata.

Mun iske Inna tana shanya kauɗar tumatir. Ta rame, Kawu. Suka gaisa doguwar gaisuwa kamar ba komai, aka tambayi damina, aka tambayi gwiwa. Sannan Yaya ta ce, "Yaya Tabawa, ran da munka ba ki yarinyag ga, ba aro munka ba ki ba. Ni ciki kaɗai niɗ ɗauka, ke kinka ɗauki sauran duka. Ba a maido min abin da ba nawa ba."

Inna ta ce masu bincike fa. Yaya ta ce, "In sun zo ki aiko a kira ni, ni in gaya musu da bakina." Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan a kaina ba. Na shige ɗaki na yi kukana.

Da azahar muka tafi siber mu uku, don Inna ta ce ba za a sake rubuta sunanta a bayan idonta ba. Mai siber ya ba su kujeru. Na rubuta kamar yadda ka ce, na fassara musu. Inna ta sa na maimaita wurin mai riƙo, sannan ta ce, "Riƙo dai na riƙe, wannan ba ƙarya." Yaya ta ce wa mai siber, ba ni ba, "Malam, a tabbata an rubuta nata da kyau." Na danna.

Amsa ta zo washegari. Layi ɗaya ne: sun gode, an gyara, dosiye ya cika. Ko tambaya ba su yi ba. Na karanta na sake karantawa ina neman sauran, babu. Har haushi na ji, mu da muka tayar da gida biyu. Inna ta ce in duba da kyau ko sun faɗi ranar zuwansu. Har yanzu tana share zaure da safe fiye da kullum.

Na san abin da za ka ce, ba sai ka faɗa ba. Yanzu sai jiran sakamako, kuma abin mamaki ba na jin tsoro.

'Yarka,
Basira

Konni, ranar Alhamis

Kawu Yahuza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ka da Tanti da yara. Nan an fara yankan gero, kowa lafiya.

Sun ɗauke ni.

Saƙon ya shigo shekaranjiya. Wasila ce ta karanta, wannan karon na bar ta ta ɗaga murya yadda take so. Inna ta rangaɗa guɗa har masu shago suka fito, ta manta da gwiwa ta zaga unguwa gida gida. An kira Illela, ƙanwata ta ce Yaya ta ce an gode Allah, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Baba ya tsayar da motarsa a bakin hanya ya kira ni yana ta dariya. Ka ce dosiyen mai ƙarfi ne, na yarda yanzu. Ka shirya, akwai tambayoyin fasfo da kayan sanyi da zan dame ka da su.

Jiya da hantsi muna tsince wake ni da Inna, sai ta tambaye ni ko Marokon nan ta fi Makka nisa. Na ce ba ta kai Makka ba, amma da nisa. Ta ce ana zuwa hutu duk salla? Na ce a'a, wataƙila sau ɗaya a shekara, wasu ma sai sun gama. Ta daɗe tana juya waken a faifai. Sannan ta ce, "Ni ina ta hwaɗa da takarda kar ta ɓata miki hanya. Ban tsaya nit tuna ba, in tag gyaru tahiya za ki yi."

Na ce in ba ta so, sai ta katse ni. Ta ce kada in ƙarasa, ba ta kai ni lakwal don in zauna tsintar wake ba. Ta ce tafiya ba fashi, kuma ita za ta raka ni har Yamai, gwiwa ta yi abin da za ta yi.

Zan tafi, Kawu, kuma zan yi karatun da kyau, wannan ba na shakka. Ina murna ƙwarai, ina kuma jin tausayinta har cikin raina, don ɗakin nan mu biyu ne kawai a cikinsa. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini. Ta ce kada in kuskura in yi kuka a tasha, don in na fara, ita ba ta san inda za ta tsaya ba.

'Yarka,
Basira